Tsaro a otal: Abubuwan da ya kamata baƙo da ma'aikaci su sani

Ɗan kasuwar da ya tashi daga Kano zuwa Legas ko Dubai ko Guangzhou saro kaya, da ma'aikaciyar da ofis ya tura taron bita Abuja ko Yamai, da alhajin da aka sauke a dogon bene a Makka, duk abu ɗaya suke yi idan dare ya tsala: suna rufe ido a ginin da ba su san lungunansa ba, a hannun mutanen da ba su taɓa gani ba. Kafin mu biya kuɗin ɗaki mukan tambayi nawa ne kwana, ko akwai wuta har safe, ko na'urar sanyaya ɗaki na aiki. Da wuya ka ji wanda ya tambayi ina zai bi ya fita idan gobara ta tashi.

Doguwar katanga da mai gadi da kyamara suna da amfaninsu. Amma wanda ya bi diddigin bala'o'in da suka auku a otal-otal na duniya zai tarar cewa sau da yawa ƙananan ɗabi'u ne suka raba wanda ya tsira da wanda ya halaka: ƙofar da aka bari a buɗe ko aka garƙame, kalmar da ma'aikaci ya furta ko ya haɗiye, da 'yan mintunan da baƙo ya ɗauka yana duba inda ya sauka.

Alhakin tsaron baƙo yana wuyan wa?

A zamanin fatauci, bafataken da ya kai shanu unguwar Sabo a Ibadan ko ya je sayen goro Kumasi wurin mai gida yake sauka. Mai gidan ne ke ba shi makwanci, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da masu saye, ya tsaya masa idan an ci bashinsa. Jarin mai masauki shi ne sunansa. Ranar da kayan baƙo suka salwanta a gidansa, labari zai riga shi isa arewa.

Otal ya gaji wannan amana, sai dai ta rabu hannu-hannu. Akwai mai ginin, akwai kamfanin da ke gudanar da shi, akwai manaja, akwai kamfanin da ya kawo masu gadi, kowa na iya nuna ɗan'uwansa da yatsa idan abu ya ɓaci. A Najeriya, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2013, a shari'ar gwamnatin tarayya da Jihar Legas, cewa rajistar otal-otal da sa musu ido hurumin jihohi ne. Ke nan tsananin da ake yi a wata jiha ba lallai ne a same shi a maƙwabciyarta ba.

Ofishin da ya tura ma'aikacinsa tafiya shi ma yana da kaso. A 2021 hukumar tsara ma'aunai ta duniya ta fitar da ƙa'idar ISO 31030, wadda ke nuna wa ma'aikatu yadda za su auna haɗarin tafiya, har da zaɓen masauki. Ba a gama sauke nauyi ba don an miƙa wa mutum kuɗin guzuri an ce Allah Ya kiyaye hanya. Kamata ya yi ofis ya san inda ma'aikacinsa ya kwana, da wanda za a kira idan an ji shi shiru.

Gobara: hayaƙi ne ke riga wuta isowa

A ranar 21 ga Nuwamban 1980 wuta ta tashi a wani gidan abinci da ke ƙasan otal ɗin MGM Grand a birnin Las Vegas na Amurka, sanadin matsalar wayar lantarki. Mutum 85 suka rasu. Abin lura shi ne, akasarinsu suna can benaye na sama ne, inda harshen wutar bai kai ba. Hayaƙi ne ya bi ramin lif da matakala da bututun iska ya cim musu. Wannan gobara na cikin dalilan da suka sa Amurka ta yi dokar 1990 kan kariya daga gobara a otal-otal.

Shekara 44 bayan nan, a ranar 21 ga Janairun 2025, otal ɗin Grand Kartal da ke lardin Bolu a Turkiyya ya kama da wuta cikin tsakar dare, lokacin hutun makaranta. Mutum 78 suka rasu, da yawansu yara. Waɗanda suka tsira sun ce ba su ji ƙararrawar gobara ba. Wasu sun ƙulla zannuwan gado suna ƙoƙarin sauka ta taga.

A namu otal-otal akwai ƙarin haɗari da kowa ya sani da idonsa. Tagogi an gindaya musu ƙarfe saboda ɓarayi, ta yadda ko yaro ba zai iya fita ba. Ƙofar baya an sa mata kwaɗo don kada baƙo ya sulale bai biya ba, makullin kuma yana aljihun wanda ya tashi aiki tun magariba. Matakalar gaggawa ta zama wurin jibge tsofaffin katifu da kujerun biki. Tukwanen gas suna kicin, jarkokin man dizal suna jikin bango, wuta kuma tana dawowa da ƙarfi bayan an ɗauke. Tukunyar kashe gobara tana rataye, jar fes, amma takardar da ke jikinta ta nuna an yi shekaru ba a duba ta ba.

Idan ka ji ƙararrawa ko warin hayaƙi, taɓa ƙofar ɗakinka da bayan hannu kafin ka buɗe. In babu zafi, ɗauki makullin ɗakin, domin wataƙila dole ta sa ka dawo, ka rufe ƙofar bayanka, ka nufi matakala. Kada ka shiga lif. In akwai hayaƙi a baranda, rarrafa, don iska mai kyau tana ƙasa-ƙasa. In kuwa ƙofar da zafi, kada ka buɗe. Jiƙa tawul ka toshe ƙasan ƙofa, kashe na'urar sanyaya ɗaki, kira 'yan kwana-kwana ka faɗa musu lambar ɗakinka, ka rataya farin zani a taga don a gan ka. A Najeriya lambar kiran gaggawa ita ce 112.

Hayaƙin janareta, mai kisa a ɓoye

Janareta da gawayi da na'urar dafa ruwa mai aiki da gas suna fitar da wata guba da ba ta da launi, ba ta da wari. Mai barci ba ya jin shigarta. Wanda yake a farke yakan fara da ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, ya ɗauka gajiyar hanya ce ko zazzaɓi. A watan Disamban 2024 an tarar da gawawwakin mutum 12 a ɗakunan kwanan ma'aikatan wani gidan abinci a wurin shaƙatawa na Gudauri a ƙasar Jojiya. An kunna janareta ne a cikin gini bayan ɗaukewar wuta.

Wannan labari ba baƙo ba ne a ƙasar da kusan kowane masauki ke kwana da janareta. Idan tagar ɗakin da aka ba ka tana kallon ɗakin janareta, nemi a canza maka. Idan ku biyu ko uku kuka tashi da ciwon kai lokaci ɗaya a ɗaki ɗaya, ku fita iska nan take, ku nemi asibiti. Mai otal kuma ya nisanta janareta da tagogi, ya ɗaga bututun hayaƙin sama, ya sa na'urar da ke yin ƙara idan gubar ta taru. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba.

Teburin karɓar baƙi: baki shi ke yanka wuya

A 2008 wani mutum ya bi sawun 'yar jaridar wasanni ta Amurka, Erin Andrews, zuwa wani otal ɗin Marriott a birnin Nashville. Ya gano lambar ɗakinta ta hanyar wayar cikin gida ta otal ɗin, ya nemi a ba shi ɗakin da ke maƙwabtaka da nata, aka ba shi. Ya lalata ɗan ramin leƙen da ke jikin ƙofarta, ya ɗauki bidiyonta a ɓoye, ya watsa a intanet. A 2016 kotu ta ce a biya ta diyyar dala miliyan 55, kusan rabi daga kamfanonin da ke da otal ɗin da masu gudanar da shi. Ba a fasa ƙofa ba, ba a tsallaka katanga ba. Tambaya aka yi, aka amsa.

Don haka ƙa'idojin wannan tebur ba su da sassauci. Ba a faɗin lambar ɗakin baƙo da ƙarfi. Rubutawa ake yi a miƙa masa. In wani ya zo ya ce, "Alhaji wane yana nan? Ni ƙanensa ne," amsar ba e ba ce, ba kuma a'a ba. A ce masa, "Yallaɓai, ba mu sunanka, in akwai mai wannan suna a wurinmu za mu sanar da shi." Ba a ba kowa makulli na biyu sai an ga katin shaidarsa, ko da ya zo da babbar riga da 'yan rakiya. Littafin rajistar baƙi ba a barin shi a buɗe a kan tebur, kowane mai zuwa yana karanta sunaye da lambobin waya.

A nan ne al'adarmu ta kara da kunya take iya zama tarko. Yaro ɗan shekara 22 da ke bayan tebur zai ji nauyin ce wa dattijo ya nuna kati. Aikin manaja ne ya cire masa wannan nauyi, ya gaya masa a fili cewa ba za a kore shi don ya bi ƙa'ida ba, ko wa ya fusata. A wannan zamani na garkuwa da mutane, sanin wanda ya sauka, a wane ɗaki, da ƙarfe nawa zai tashi, abu ne da miyagu ke biya da kuɗi.

Mintunan farko bayan an ba ka ɗaki

Masana tsaro sukan ba da shawarar a nemi ɗaki tsakanin hawa na 2 da na 6. Na ƙasa ya fi sauƙin shiga ga ɓarawo, na can sama kuma tsanin 'yan kwana-kwana ba ya kaiwa, sauka da ƙafa ma aiki ne.

Kafin ka kwance jaka, fito baranda ka nemi matakala mafi kusa. Ƙirga ƙofofin da ke tsakaninta da ɗakinka, domin cikin hayaƙi da duhu hannu ne zai yi maka jagora. Tura ƙofar matakalar ka tabbatar tana buɗuwa. In da hali, sauka har ƙasa ka ga inda take ɓullewa. Sannan ka koma ka gwada sakata da sarƙar ƙofa, da ƙofar da ke haɗa ɗakinka da na maƙwabci in akwai. Toshe ramin leƙe da 'yar takarda. Ajiye makulli da waya da takalmi da tocila wuri ɗaya kusa da gado.

In an ƙwanƙwasa aka ce mai gyara ne ko mai kawo abinci alhali ba ka kira kowa ba, kada ka buɗe sai ka kira teburin karɓar baƙi ka tabbatar. Ke kuma da kike tafiya ke kaɗai, in ma'aikaci ya ambaci lambar ɗakinki a gaban jama'a, kina da haƙƙin cewa a ba ki wani. In kin ga wani na bin ki a baranda, kada ki buɗe ɗaki. Koma inda mutane suke.

Kuɗi, fasfo da abokan ciniki

A watan Yulin 2012 wasu samari suka yaudari wata ɗalibar jami'a mai sana'ar sayar da tufafi a Jihar Nasarawa, bayan sun ƙulla abota da ita a Facebook. Sun gayyace ta Legas da sunan harkar kasuwanci, suka kai ta wani otal a unguwar Festac, suka kwashe kayanta, suka kashe ta. Hotunan kyamarar otal ɗin na cikin abin da ya taimaka aka kama su, kuma a 2017 kotu ta yanke wa biyu hukuncin kisa. Kyamara ta kama masu laifi, amma ba ta ceci rai ba.

Darasin ga ɗan kasuwa a fili yake. Kai za ka zaɓi masaukinka, ba wanda ka sani a waya kawai ba. Motar da za ta ɗauko ka daga filin jirgi ko tasha, ka san sunan direban da lambarta tun kafin ka sauka. Ciniki da baƙon fuska a yi shi a zauren otal ko ofis, ba a ɗakin kwana ba. Abin shan da ka tashi ka bari, kada ka dawo ka ƙarasa. Wani naka a gida ya san sunan otal da wanda za ka gani da lokacin da za ka kira. Hoton ɗaki da na abinci kuma, a bari sai an bar garin a sa a intanet.

Rage yawo da tsabar kuɗi. In dole ne, raba su, kada ka ƙirga a bainar jama'a. Akwatin ajiyar ɗaki ya fi aljihun jaka, amma ka sani otal na da hanyar buɗe shi. Kaya mai tsada gara a damƙa wa manaja a karɓi rasit mai sa hannu. Ɗauki hoton fasfo da biza ka adana a wayarka da wurin wani amintacce. Katin banki kada ya bar gabanka, a kawo na'urar POS inda kake. In an kira ka a wayar ɗaki da dare aka ce daga tebur ne, a sake karanto lambar kati, kashe wayar ka sauka da ƙafarka. Tsohuwar dabarar 'yan damfara ce.

Waya da kwamfuta

A 2014 kamfanin Kaspersky ya fallasa wani gungun masu kutse da ya kira DarkHotel, waɗanda ke dakon manyan jami'an kamfanoni a otal-otal na alfarma a Asiya. Da baƙo ya hau intanet ɗin otal sai saƙo ya fito cewa ya sabunta wata manhaja. Yana dannawa, sun shige masa kwamfuta. A 2018 kuma kamfanin Marriott ya sanar cewa tun 2014 aka kutsa cikin rumbun rajistar otal-otal ɗinsa na Starwood, abin da ya shafi bayanan baƙi har kusan miliyan 383, ciki har da lambobin fasfo. Hukumar kare bayanai ta Birtaniya ta ci tararsa fam miliyan 18.4.

Harkar banki da sirrin ofis, yi su da datar layinka. Kada ka sauke wata manhaja a kan intanet ɗin otal. Tambayi ainihin sunan Wi-Fi ɗin a tebur, domin ana ƙirƙirar na bogi mai kama da shi. Masu otal a Najeriya su ma su sani, dokar kare bayanai ta 2023 ta hau kansu. Kwafin katin ɗan ƙasa na baƙi ba abin zubawa a kwali ba ne.

Idan 'yan bindiga suka afka

Manyan otal-otal sun sha zama abin hari saboda suna tara baƙi da manyan mutane. An kai wa otal ɗin Radisson Blu na Bamako hari a Nuwamban 2015, aka kashe mutum 20. An kai wa otal ɗin Splendid da gidan abincin Cappuccino na Wagadugu a Janairun 2016, aka kashe 30. An kai wa DusitD2 na Nairobi a Janairun 2019, aka kashe 21. A Islamabad, a Satumban 2008, shingen bakin ƙofar Marriott ne ya tare motar da ke maƙare da bam. Mutum fiye da 50 sun rasu duk da haka, amma motar ba ta kai jikin ginin ba.

Shawarar da 'yan sandan Birtaniya ke bayarwa mataki uku ce: gudu, ɓuya, sanarwa. In akwai hanya, bar kaya ka fice, ka nisanci inda ƙarar ke fitowa. In babu, kulle ɗaki, tokare ƙofa da kaya masu nauyi, kashe fitila, kashe ƙarar waya har da girgizarta, ka nisanci ƙofa. Sanar da jami'an tsaro, amma kada ka rubuta maɓoyarka a kafofin sada zumunta. In jami'ai sun shigo, hannuwanka su kasance a fili.

A harin Mumbai na Nuwamban 2008, wanda ya ci rayuka 166 a faɗin birnin, ma'aikatan otal ɗin Taj sun san duk ƙofofin baya, amma suka tsaya. Masu haɗa waya sun zauna suna kiran ɗakuna suna cewa a kulle ƙofa, kada a fito. Ma'aikatan kicin sun fitar da baƙi ta hanyoyin da su kaɗai suka sani, wasunsu suka rasa rayukansu a haka. Babban manajan, Karambir Singh Kang, ya ci gaba da jagorantar ceto alhali matarsa da 'ya'yansa biyu sun rasu a benen sama. Baƙo ba ya sanin gini. Ma'aikaci ne taswirarsa.

Shi kuma ma'aikacin, wa ke tsare shi?

Mai share ɗaki tana shiga ita kaɗai wurin mutumin da ba ta sani ba, a bayan rufaffiyar ƙofa. Bayan zargin cin zarafin da wata ma'aikaciyar otal ɗin Sofitel na New York ta yi wa shugaban asusun IMF na lokacin, Dominique Strauss-Kahn, a 2011, tuhumar da masu gabatar da ƙara suka janye daga baya, ƙungiyar ma'aikatan otal na birnin ta samu yarjejeniyar a ba masu shara ɗan maɓallin neman agaji. A 2019 Jihar New Jersey ta mayar da shi doka ga manyan otal-otal.

Ko babu wannan na'ura, akwai abin yi. A bar ƙofa a buɗe lokacin shara, a tura mutum biyu idan baƙo yana ciki, a ba ma'aikaciya ikon juyawa ta fita ba tare da tsoron kora ba. Ƙorafinta a rubuta shi, a ɗauki mataki ko da baƙon mai kuɗi ne. Mai gadin da ya kwana biyu a tsaye babu canji, ko wanda ke bin bashin albashin wata uku, ba za a dogara da idonsa ba, kuma shi miyagu ke fara nema da tayi. A binciki mutum kafin a ɗauke shi, a rubuta wanda ya karɓi babban makulli da lokacin da ya mayar, a riƙa yin atisayen gobara har da masu aikin dare, kowa ya san wane bene zai tasa, wa zai kira 'yan kwana-kwana, ina za a taru a ƙirga mutane.

Abin da ke hannunmu

Mai otal ɗan kasuwa ne, abin da baƙi ke tambaya shi yake gyarawa. Mun nace kan wuta da ruwan zafi da intanet, ga su sun samu har a ƙananan masaukai. Da ma'aikatu da ƙungiyoyin da ke kama ɗakuna hamsin-hamsin don taro za su ce ba za su biya ba sai sun ga takardar binciken hukumar kashe gobara, sun kuma tura ƙofar gaggawa ta buɗe, da kwaɗuna da yawa sun sauka cikin mako guda. Hukumomin jiha su fita duba gine-gine tun kafin a yi makoki. Kai kuma baƙo, in ka ga ƙofar tsira a garƙame, gaya wa manaja cikin mutunci. In ya ƙi buɗewa, ɗauki jakarka ka nemi wani wuri, ka kuma faɗa masa dalilin tafiyarka.